Kaya na raguwa a manhaja, ba a san wanda ya taɓa ba: yaya ake kafa rajistar sawu?

Ɗan Sari Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Kamfanin sarin kayan masarufi ne mai sito uku, biyu a Kano, ɗaya a Kaduna. Kayan sun kai iri 900: taliya, sabulu, madara, man girki da sauransu. Manhajar da ake aiki da ita wani injiniya ne ya rubuta ta a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Kowane kaya yana da layi ɗaya a kowane sito, da gurbin adadi. In kaya ya shigo lambar ta hau, in ya fita ta sauka, in sitokifa ya ga ba daidai ba sai ya buɗe ya gyara da hannu.

Ga inda gizo ke saƙa. A yi ƙirga ƙarshen wata, manhaja ta ce kwalin taliya 412, a ƙasa kuwa 387 ne. Ba ta iya faɗin ranar da kwali 25 ɗin suka yi ɓatan dabo, balle a gane sata ce, ko kuskuren rubutu, ko kayan na kan hanyar Kaduna. Abin da take nunawa kawai shi ne wanda ya taɓa layin na ƙarshe, shi kuwa kusan kullum mai sayarwa ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Me ya kamata rajistar ta riƙa ajiyewa? Yaya za a hana mai ikon shiga rumbun bayanai ya goge sawunsa? Sannan sitokifofi na shigar da kaya ta waya, sau da yawa babu sabis, sai daga baya bayanin ya hau. Wane lokaci za a ɗauka a matsayin na gaskiya? Maigidan yana tunanin a koma ERPNext ko Odoo, wato shiryayyun manhajojin tafiyar da kasuwanci, in hakan zai raba gardama.

Mai Lissafin Sito

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo kan rajista, ginin teburin ne ke buƙatar gyara. Muddin adadi lamba ce guda da ake gogewa a rubuta wata a kanta, duk rajistar da aka liƙa a gefe faci ce. Manyan manhajoji ba adadi suke rubutawa ba, motsin kaya suke rubutawa. Kowace shiga da kowace fita sabon layi ne, adadin da ke sito kuma jimillar layukan ne. Kamar littafin bashin mai shago: in mutum ya biya ba a kankare tsohon rubutu, a ƙasa ake ƙara layi. A ERPNext sunan teburin Stock Ledger Entry, a Odoo stock.move ne da stock.move.line, a SAP kuwa, manhajar manyan kamfanoni, takardun kaya ne da ake dubawa da rahoton MB51.

Kowane layi ya ɗauki lambar kaya, inda ya fito da inda ya nufa, adadi da alamarsa ta ƙari ko ragi, ma'aunin da aka shigar da shi (kwali ne ko leda) tare da adadinsa a ƙaramin ma'auni, kuɗin guda a lokacin, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi in kayan na da su, irin motsin, lambar takardar da ta jawo shi (webil, rasit, takardar ƙirga), wanda ya shigar, wanda ya amince, na'urar da aka yi aikin a kanta, da lokaci. Ka ƙara gurbin ragowa bayan wannan layin. Ba dole ba ne, amma shi ke sa ka bi da yatsa ka tsaya daidai inda lissafi ya karkace.

Yanzu ɗauki kwali 25 ɗinka. A ce mota ta kawo 275, sitokifa ya buga 300. A tsarinku zai buɗe ya rage 25, magana ta mutu. A tsarin da nake faɗa layin +300 yana nan har abada. Sai a rubuta layi na biyu, −300, mai ɗauke da lambar na farko a gurbin "wanda ake warwarewa", sannan na uku, +275. Kada a yi gajeriyar hanya a rubuta −25 kawai. In an yi haka rahoton karɓar kaya zai ci gaba da cewa an karɓi 300 alhali takardar mai kawo kaya 275 ta ce, su kuma 25 ɗin su faɗa cikin asara, wato kuskure ɗaya ya haifi ƙarya biyu. Shi ya sa a SAP karɓa lamba 101 ce, warwarewarta 102, kowace da takardarta.

Kayan da ke tafiya tsakanin sito da sito kuma sai an yi musu taki biyu. Ka ƙirƙiri wani sito na ƙage mai suna "kan hanya". An loda 200 a Kano: −200 a Kano, +200 a kan hanya. An sauke 196 a Kaduna: −196 a kan hanya, +196 a Kaduna. Kwali 4 suna zaune a kan hanya da lambar webil da lambar motar, ba za su tashi daga nan ba sai wani ya sa hannu ya ce sun fashe ko an caji direba. In taki ɗaya kuke yi, da an danna a Kano kayan sun bayyana a Kaduna tun mota ba ta wuce Kwanar Dangora ba, mai sayarwa a can ya sayar da abin da bai iso ba, gibin kuma ya hau kan sitokifan Kaduna. ERPNext na da zaɓin Add to Transit a cikin Stock Entry saboda haka, Odoo na da wurin ajiya na kan hanya, SAP na da lambobin motsi 303 da 305.

Dalilin gyara kada a bar shi fili kowa ya rubuta abin da ya ga dama, don abin da za ka tarar shi ne "gyara", "gyara", "ok". A ba su jeri rufaffe su zaɓa: fashewa, jiƙewa, ɓarnar ɓera, ƙarewar wa'adi, samfur ko kyauta, gibin ƙirga, rarar ƙirga. Ƙarin bayani ya biyo baya a wani gurbin.

Teburin adadi naku na yanzu yana iya zama don saurin nunawa, amma babu mai rubutu a cikinsa sai aikin da ke ƙara layin motsi, kuma su biyun su tafi a tare ko su faɗi a tare. Kowane dare a haɗa jimillar layuka a gwada da shi. In sun saɓa ko da leda ɗaya ce, akwai wata ƙofa a manhajar da ke taɓa adadi ta bayan fage.

Injiniyan Rumbu

Abin da Mai Lissafin Sito ya faɗa shi ne tushe. Bari in ɗora a kan kullewa, tunda PostgreSQL ne.

Abu na farko, asusun da manhaja ke shiga rumbun da shi kada ya zama shi ne mai teburin. A yi asusu biyu: ɗaya mai mallaka, wanda ba a amfani da shi sai ranar sauya gini, ɗaya na manhaja, a ba shi INSERT da SELECT (ƙarawa da karantawa) kaɗai a teburin motsi, a cire masa UPDATE da DELETE da TRUNCATE (gyarawa, gogewa da share tebur gaba ɗaya). Mutane kan yi REVOKE, wato janye izini, a kan asusun da shi ne mai teburin su kwanta barci, alhali mai tebur na iya mayar wa kansa izini da umarni ɗaya, yana kuma iya kashe tirigar da ke kai, wato umarnin da rumbu ke aiwatarwa da kansa duk sanda aka taɓa teburin. A ƙara tirigar da ke ƙin duk wani gyara ko gogewa. A lura, tirigar kowane layi ba ta tashi in aka yi TRUNCATE, sai an rubuta masa tasa daban.

Na biyu, rumbun bai san sitokifa ba. Shi asusun manhaja kaɗai yake gani, don haka in tiriga ta rubuta current_user, kowane layi suna ɗaya zai ɗauka. Manhaja ta riƙa sanar da lambar ma'aikacin a farkon kowane aiki da SET LOCAL, tiriga ta karanto da current_setting, in babu ta ƙi aikin gaba ɗaya. LOCAL ɗin na da muhimmanci: in ba a sa shi ba, kuma ana juya mahaɗar shiga rumbu ɗaya tsakanin mutane, sunan wanda ya gabata zai manne wa aikin na bayansa.

Na uku, kuma nan ne aka fi sakaci: teburin motsi ba ya kama canjin bayanan kaya. A ce kwalin taliya leda 20 ne, wani ya shiga ya mayar da shi 24. Babu kwalin da ya motsa, babu layin da aka rubuta, amma leda 8,240 da manhaja ke nunawa kwali 412 yanzu sun koma kwali 343 da 'yan kai. Don haka teburin kaya, ma'auni, farashi, sito, da izinin ma'aikata duk suna buƙatar rajista ta biyu: tirigar da ke kwafe tsohon layi da sabo cikin jsonb, da wanda ya canza da lokaci. Kuma kowane layin motsi ya ajiye ma'aunin da aka yi amfani da shi a ranar, kada ya dogara da na yau. Adadi da kuɗi a ajiye su a gurbi nau'in numeric, ba float ba. Float na tara ɗan kuskure a bayan ɗigo, in kana auna mai da lita za ka gani.

Batun waya da rashin sabis: lokaci biyu za ka ajiye, ba ɗaya ba. Lokacin da abin ya faru, daga wayar, da lokacin da ya iso saba (babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan), daga agogon saba. EPCIS, ƙa'idar bibiyar motsin kaya ta ƙungiyar GS1, ma haka ta raba su. Na farko shi ke cikin lissafin kaya, na biyu shi ne shaida, domin agogon waya kowa na iya mayar da shi baya. Wayar ta riƙa aiko da abin da agogonta ke nunawa a lokacin turawa, saba ta gwada da nata. In bambancin ya wuce minti biyar a yi wa layukan alama. Duka a ajiye da timestamptz, a nuna su da agogon Najeriya a allo kawai. Kuma now() lokacin fara aikin take bayarwa, ba lokacin rubuta layin ba. In kana son na ainihi clock_timestamp() za ka kira.

Kowane motsi wayar ta ba shi lambar UUID, wato lambar shaida tasa shi kaɗai, tun daga wurinta, a sa UNIQUE a kan gurbin don rumbu ya ƙi lamba ɗaya sau biyu. Dalili: sabis kan yanke bayan saba ta karɓa amma kafin amsa ta koma, wayar ta ɗauka bai tafi ba ta sake turowa, kwali 50 su zama 100. Da UUID na biyun faɗuwa zai yi, ba zai shiga ba. Sannan wayar ta turo "an fitar da 12", ba "saura 400" ba. In biyu suka yi aiki babu sabis kowa ya turo ragowarsa, na ƙarshe zai shafe na farko.

Shi kuwa mai babban asusun rumbu, gaskiya babu abin da ke cikin rumbun da zai hana shi. Abin da za ka iya shi ne ka sa in ya taɓa a gane. Kowane layi ya ɗauki hatimin SHA-256 da aka lissafa daga abin da ke cikinsa haɗe da hatimin layin da ya gabace shi. Kowane dare a tura hatimi na ƙarshe da yawan layuka wajen da shi ba ya iya kaiwa, ko imel ɗin maigida da akanta, ko ma'ajiyar da ba a iya gogewa irin Object Lock na S3, ma'ajiyar intanet ta Amazon. In ya canza layin watan jiya dole duk hatiman bayansa su canza, ba za su yi daidai da wanda ke hannun maigida ba. A kunna pgAudit, mai rubuta abin da ake yi a rumbu, ko aƙalla log_statement a kan ddl (umarnin sauya gini) don a ga ranar da aka kashe tiriga. Gargaɗi ɗaya: tsallen lamba a jerin id ba hujjar gogewa ba ne, duk aikin da ya faɗi yana cinye lambarsa. Kada a kori yaro a kan haka.

Hajiya Odita

Duk na yarda da ku, amma ina ganin kun ba inji nauyin da ba nasa ba. Mafi yawan gibin da ake kamawa a sito babu wanda ya goge komai. Layin yana nan, sunan yana nan, sai dai sunan "sito1" ne kuma mutum huɗu ne suka san kalmar sirrin, har da yaron da ke share wurin. Rajistar da ta ce sito1 ne ya rage kwali 25 ba ta faɗi komai ba. Kowa da asusunsa, allo ya kulle kansa bayan 'yan mintuna, ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe asusun a ranar, amma kada a goge shi, don tsoffin layuka na nuni gare shi.

Sai rabon aiki. Wanda ke riƙe da makullin sito ba shi zai amince da gyaran adadi ba. Ya nema, wani ya amince, rajista ta ɗauki sunaye biyu, manhaja ta ƙi in suna ɗaya ne. A sa iyaka ta kuɗi: ƙasa da kaza manajan reshe, sama da haka maigida. Amma a riƙa haɗa jimillar mako, don mai wayo zai yanka gyaransa ƙanana ƙanana a ƙasan iyakar. Ƙirga kuma a yi ta makauniya, wato takardar mai ƙirga ba ta nuna abin da manhaja ke cewa. In ya ga 412 a gabansa, 412 zai rubuta ya huta da hawa kan kwalaye. A ajiye lambar da ya ƙirga ta farko ko da an sake ƙirga, a kuma tsayar da shiga da fita a layin da ake ƙirgawa, ko a rubuta lokacin da aka fara.

Babbar ƙofar da ta rage ita ce mayar da kwanan wata baya. Mutum bai goge ba, bai gyara ba, sabon layi ya ƙara yau ya sa masa ranar 28 ga watan jiya, bayan an rufe wata an sa hannu. Wannan yana canza ragowar kowane layi da ke bayansa, yana canza kuɗin kaya da ribar watan. A rufe wata da zarar an gama ƙirga. Kuskuren da aka gano daga baya a gyara shi da ranar yau.

A kan komawa wata manhaja, Malam, ka faɗa wa maigidan ba za ta zo a kulle ba. A ERPNext sai ka shiga Stock Settings da kanka ka sa ranar daskarar da kaya, ka zaɓi matsayin da kaɗai ke iya shigar da abu da tsohon kwanan wata, ka kashe Allow Negative Stock, mai barin adadi ya sauka ƙasa da sifili. Ka cire wa kowa izinin Delete a kan takardun kaya, don takardar da aka soke ana iya goge ta in izinin na nan. Ka tabbata Track Changes, mai ajiye tarihin canji, na kunne a kan Item, wato bayanan kaya. Stock Reconciliation kuwa, wato daidaita adadi da ƙirga, a bar shi ga mutum ɗaya ko biyu. A Odoo takardar da aka kammala ana iya danna Unlock a canza adadin, sai an taƙaita masu wannan ikon, kuma tarihin da ke gefen takarda guraben da aka sa wa bibiya kaɗai yake nunawa, shi ya sa wasu ke ƙara auditlog, ƙarin rajista na ƙungiyar masu haɓaka Odoo (OCA).

Sannan a karanta rajistar. Kowace Litinin a fitar da gyare-gyaren mako bisa suna da dalili, layukan da tazarar lokutansu biyu ta wuce kwana ɗaya, abin da aka shigar bayan an tashi aiki, warwarewar da ba a sake shigar da madadinta ba, da kayan da suka haura kwana uku a kan hanya. Kano zuwa Kaduna ba tafiyar kwana uku ba ce. Ajiya kuwa, dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA, shekara shida ta ce a riƙe bayanan lissafi, rajistar kaya na cikin abin da ke goyon bayansu, da webil ɗin takarda mai sa hannu. A ɗauki hotonsa a liƙa wa layin.

Ɗan Sari Kano

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, kin taɓa inda ke ciwo, asusu ɗaya ne a kowane sito. Saura tambaya biyu. Tunda babu tarihin baya, daga ina sabon teburin zai fara? Kuma ba zai yi nauyi ba in layuka suka taru? Muna yin kamar layi 5,000 a rana.

Injiniyan Rumbu

Layi 5,000 a rana bai kai miliyan 2 ba a shekara, PostgreSQL ba zai ko ji ba. A sa fihirisa a kan kaya, sito da lokaci a haɗe. Duk ƙarshen wata a ajiye ragowar kowane kaya a tebur daban, tambayar "nawa ne a sito ranar kaza" ta fara daga ragowar watan da ya gabata ta ƙara layukan da suka biyo baya, ba daga farkon duniya ba.

Farawa kuwa, kada a ƙago tarihin da babu. A zaɓi ranar da ba a ciniki sosai. Daren da ya gabace ta duk wayoyi su turo abin da suke riƙe da shi, motocin da ke hanya a rubuta webil ɗinsu a shigar da su sito na kan hanya. A kwafe tsohon teburin adadi yadda yake a ajiye, shi ne lambar littafi. Layin buɗewa na kowane kaya ya ɗauki wannan lambar, 412 ɗin, sannan a yi ƙirga, bambancin ya shiga a layi na biyu, −25, da dalilin gibin ƙirgar farawa da sa hannun maigida. In aka buɗe da 387 kai tsaye, tsohon gibin ya nutse ke nan, akanta ba shi da abin da zai rubuta asara da shi.

Bayan nan a cire izinin gyara a tsohon teburin a ranar, a toshe allon gyara da hannu. Mako biyun farko a riƙa duba gwajin daren nan kowace safiya, don kusan tabbas akwai wani tsohon allo, galibi na dawo da kaya ko na soke rasit, da ke taɓa adadi kai tsaye. Zai fara ba da kuskure da zarar an cire izinin, sai a bi shi a mayar da shi kan teburin motsi.